Tsagar da Yaya Ya Ƙi Ragewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai abu Ya karɓi abinSa. Wana da muke ciki ɗaya, masassaƙin ƙauyenmu da ke tsakanin Anka da Bukkuyum, ya rasu ranar Talata bayan azahar. An same shi a rumfarsa, ya jingina da gungumen ƙiryar da ya fara fafewa, gizagonsa a kan cinya. Duk ƙauye Yaya ake ce masa, don a bakina aka ji, kuma haka zan kira shi a nan.

Tun da muka dawo daga maƙabarta na kasa zama. An shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, domin ni ne babba yanzu, ni ake yi wa gaisuwa. Sai in zauna, in amsa wa mutum biyu ko uku, in ji ƙafafuna sun ɗauke ni. In leƙa zaure, in dawo, in zagaya bayan gida kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Liman ya bi ni da ido, ya ce, "Malam, zamna mana. Tsayuwa ba ta maido da mamaci."

Kowa da abin da ya zo da shi a baki. Liman ya ce bai taɓa jin Yaya ya rantse ba. Taubashinsa, ɗan kawunmu, ya taho yana dogara sanda yana faɗa tun daga nesa: "Macuci! Yat tahi bai sa mini ƙotar hauya ba, tun bara nike binai!" Aka yi dariya. Shi kuma ya zauna ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Wata tsohuwar Bafillata ta taso daga ruga da akushin da Yaya ya taɓa ɗinke mata da waya, ta ciko shi da nono, ta ajiye gaban mata ta juya. Danginmu na Nasarawar Burkullu ba su zo ba, hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, ta waya suka yi kukansu. Wani direba baƙo daga Gummi da ya tsaya yin gaisuwa ya ce, "Wai shi na mai turamen nan da Turawa sunka rataya a ƙasarsu?" Aka ce shi ne. Ya ce, "To mi sunka gani ga turmi?" Wasu suka juyo suka dube ni, sannan suka mayar da ido ƙasa.

Washegari da safe babban ɗan Yaya ya ja ni gefe. Mutum ne mai hankali, ya yi karatu a Sakkwato, shi ke koyar da yara a Islamiyya. Ya ce, "Baffa, mata na son icce na dahuwar sadakar uku. Daji ba ya shiguwa, ka sani. Ga faya-fayan nan na Baba jibge cikin rumfa, ƙirya ce busassa. In ka yarda a hura wuta da su. Kuma ni dai, Baffa, ajiye abin tuna matattu bai kwanta mini ba. Addu'a ita ka isa gare su, ba icce ba."

Na ce, "Innarka mi tac ce?"

"Tac ce kai za ka yanke. Gobe da sahe za a aza tukunya."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Don mai karatu ya san abin da ake shirin ƙonawa, dole in koma baya.

Yaya ya gaji sassaƙa daga mahaifinmu. Ni hannuna bai karɓa ba. Na yi firamare a Anka na tsaya a nan, na koma gona da kiwon zabi. Shi kuwa tun yana saurayi in ya ga gungume sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan gizago, ya kara kunne kamar mai sauraron cikin mara lafiya. In bai ji abin da yake so ba, ya wuce. Yana cewa, "Icce ba ya ƙarya, mai saye shi ka gaggawa." Ba ya sassaƙa ranar Juma'a. Ba ya cin goro sai ya gama fafe turmi, wai goro ladan hannu ne. In an ɓata masa rai ba ya ɗaga murya. Sai ya jawo dutsen washi ya yi ta wasa gizagon da ya riga ya yi kaifi, har mai laifi ya gaji da jin ƙarar ya ba da haƙuri.

A wajenmu ba a kai amarya ba turmi. Na Yaya kuwa da shaida. A gindinsa, wajen da ke zama a ƙasa, yana zana alamar gidan a tsakiya. Gidan Liman allo ne, gidan maƙera ƙugiya, nawa sawun zabo. Ranar sunan duk ɗan da matar ta haifa, an yanka rago, wanzami yana yi wa jinjiri aski, sai ka ji sallamar Yaya. Ya shiga cikin gida, ya kifar da turmin mai jego, ya yi tsaga ɗaya a gindin. Miƙaƙƙiya in namiji ne, karkatacciya in mace ce. Wannan ba al'adar kakanni ba ce. Shi ya fara abinsa, ba wanda ya sa shi. Amma har ta kai in ya yi latti mata su aika a kira shi, su ce suna bai cika ba tunda ba a tsaga turmi ba. Ladansa tuwon suna.

Sai zinari ya zo mana. Muka riƙa kwaso duwatsu daga ramukan daji a buhuna muna kawowa gida. A tsakar gida ake farfasa su, a daka, sannan a kai inji. Ni da hannuna na zuba dutse a turmin mai ɗakina, wanda Yaya ya sassaƙa mata na aurenmu, mai tsaga shida. Ya shigo ya gani, ya ce, "Turmin hatsi na wanga, ƙane. Kak ka ba shi dutse." Ba don ya san da guba a ciki ba, babu wanda ya sani. Tausayin itacen yake ji. Na ce masa itace ba ya jin zafi, talauci ne mai zafi.

Ƙurar dutsen ta bi tsakar gida, ta bi tabarmi, ta bi hannun yara zuwa bakinsu. Da zafin bazara ya shigo, yara suka fara sanƙarewa suna suma. Muna jin labarin yaran ƙauyukan Dareta da Abare muna cewa iska ce, sai ga shi a ƙofarmu. Daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen. Kafin su zo mun kai yara maƙabarta da yawa. Biyu nawa ne: ɗana na biyar, da 'yar auta wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Yaya ne ya haƙa kaburburan duka biyun, bai bar ni na riƙe magirbi ba.

Bayan haka aka zo aka kankare ƙasar gidajenmu aka zuba sabuwa. Turamen da aka daka dutse a ciki aka tattara su, aka kai bayan gari aka binne tare da gurɓatacciyar ƙasar. Ranar da ake kwasa, Yaya ya tsaya a bakin hanya. Duk turmin da aka zo wucewa da shi sai ya sa a kifar, ya duba gindin, ya ce a wuce. Mun zaci takaicin aikinsa ne yake ji.

Mata suka zauna ba turmi, Yaya ya shiga aiki ba dare ba rana. Da na je in ce a yi wa mai ɗakina nata, na tarar da shi cikin sassaƙe har gwiwa.

Na ce, "Tsaga huɗu za ka yi."

Ya ɗago. "Ɗiya shida gare ta."

"Huɗu gare ta, Yaya. Kullum ta kihe turmi ta ga biyun nan sai kuka. So kake baƙin ciki ya kashe ta?"

"Ita tac ce a rage?"

"Ni nac ce. Ni na mijinta."

Ya ce, "Ni ban iya ragi ba, ƙane. Ranar da anka raɗa musu suna ina nan, na ci tuwon. Wanda Allah Ya kawo duniya, gizagona bai isa ya ce bai zo ba."

Nan na faɗi abin da bai dace ba. Na ce wanda bai binne ɗan cikinsa ba ba shi da bakin magana. Na faɗa wa mutumin da ya haƙa kabarin 'ya'yana. Ya miƙa hannu ya jawo dutsen washi. Na tsaya ina jin ƙarar, na san abin da ake jira daga gare ni, na juya na tafi. Ranar kasuwar Gummi na hau mota na sayo turmin maɗaci mai sumul ɗin gindi, ba tsaga ko ɗaya. Mai ɗakina ta karɓa da hannu biyu ta ce an gode. Na ce wa kaina gata na yi mata. Ita ba ta taɓa cewa ba ta son ganin tsagar ba. Ni ne ba na so.

Daga ranar, tsakanina da Yaya sai gaisuwar masallaci. Amma duk farkon damina zan tarar da sabuwar ƙotar fartanya a jingine a zaurena, daidai tsawon hannuna. Ban taɓa mayarwa ba, ban taɓa yin godiya ba.

Ba ni kaɗai na sayo turmi a wani gari ba. Yaya bai yi wa kowa magana ba. Sai ya fara yanka ƙirya faifai-faifai, faɗin gindin turmi, kaurin tafin hannu. A kan kowane faifai ya mayar da alamar gida da tsagar da ke turmin da aka binne, ba ragi. Ashe abin da ya tsaya dubawa ke nan a bakin hanya. Ya jera su a rumfa. Maza suka ce Yaya ya fara taɓuwa. Mata ba su ce komai ba. Sai dai aka lura in suna dawowa daga rijiya, wata takan ratse rumfar ta ce ta zo duba muciya, ta daɗe, ta fito ba muciya.

Bayan wasu shekaru, kafin hanya ta lalace, wata Baturiya 'yar ƙasar Denmark ta zo ƙauyenmu. Ba likita ba ce. Ƙawarta ce ke cikin masu jinyar yara a Anka, ta biyo ta. Sana'arta zane da ƙera siffofi, a kai gidan nuni mutane su shiga su kalla. Doguwa ce, da furfura tun ba ta tsufa ba, yatsunta kullum baƙi ƙirin, har yara suka sa mata Mai Tawada. Kujerar tsugunno ta zo saye wajen Yaya, idonta ya faɗa kan faya-fayan. Ta tambaya ta bakin tafintan da ya rako ta. Yaya ya ɗauko ɗaya ya bi tsagar da yatsa: wannan yana nan, wannan ya yi aure, wannan ta rasu shekarar dalma, wannan ma. Tafintan ya ce da ta ji sai ta zauna a ƙasa kan sassaƙe.

Ta dawo da kayan aikinta, ta yi ta zuwa har kaka ta wuce. Ni ina gindin darbejiyar da ke kallon rumfar, wai ina gyaran keke. Keken nan ya sha gyara a shekarar. Ina ganinta tana shafa baƙar tawada a fuskar faifai da wani ɗan abin mirginawa na roba, ta ɗora farar takarda mai kauri, ta yi ta gogawa da bayan cokali. In ta ɗaga, sai ka ga baƙin da'ira, zoben shekarun itacen duk sun fito, tsagar kuma fara fat, domin tawada ba ta shiga cikinta. Da farko cokalin yana yaga mata takarda. Yaya ya yi ta dariya, ya ce, "Wagga ɗiya za ta ga bayan takardunta kahin la'asar." Ya ɗauki guntun itace ya sassaƙa mata abin goga mai santsi kamar kan muciya. Ta gwada, ta ɗaga masa babban yatsa, shi ma ya ɗaga mata, alhali bai san abin da ake nufi da shi ba. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Yana ce mata ɗiyata, tana ce masa Yaya kamar kowa.

Ta kuma cika cikin wani sabon turmi da wani farin kwaɓi, da ya bushe ta zaro shi, ya fito da siffar ramin turmin. Ta ce in ta koma za ta zuba irinsa da tagulla. Taubashin Yaya ya ce, "Ikon Allah! Kowa turmi yake so, ita rami take so. Ku tambaye ta ko za ta tahi da na tsohuwar rijiyarmu." Sau ɗaya na ga sun saɓa. Ta nemi ya ba ta faifai ko guda biyu ta tafi da su. Ya girgiza kai, ya ce wa tafinta, "Gaya mata hoton ta tahi da shi. Iccen yana da masu shi."

Ba ta taɓa faifan kowane gida ba sai da aka nemi izini. Yaya ya ce a tambayi matan gidajen, domin turmi na mace ne. Wasu suka ƙi, ta bar nasu. A ƙofar masallaci na ji cewa mai ɗakina ta yarda. Na tafi rumfar, na ce, "Yaya, ka ba Nasara matattuna ta kai kasuwa?"

Bai ko ajiye aikin ba. Ya ce, "Ba kai anka tambaya ba, ƙane. Mai turmi anka tambaya."

Na koma gida na tsare ta. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tambayata anka yi, Malam, na amsa." Na ce kada in sake jin maganar a gidana, kuma ban sake ji ba.

Mai Tawada ta tafi, hanya ta rufe, ba ta sake zuwa ba. Har an manta da ita, sai ga tafintan ya turo hoto mai motsi a wayar ɗan Yaya. An buɗe nunin aikinta a wani birni na ƙasar Jamus, kuma hotunan faya-fayanmu ne a jikin bango. Ƙauye ya cika rumfar, ana miƙa waya hannu zuwa hannu. Ni na ɗauki fartanya na tafi gona, alhali rani ne, ba abin da zan yi a can. Taubashi ne ya ba ni labari ko da ban tambaya ba. Ya ce Yaya ya riƙe wayar nesa da ido yana kiran gidaje: wannan na Liman, wannan na maƙera. Da ya ga Turawa tsaye sun yi tsit, ya ce, "Sun yi shiru awa masu zaman makoki. Wa yag gaya musu?"

Da yamma ya zo ƙofata da kansa, wayar a hannunsa. Rabon da ya zo zaurena ya neme ni tun kafin turmin Gummi. Ya ce, "Ƙane, zo ka ga ɗiyanka, sun tahi inda ni da kai ba mu taɓa zuwa ba." Na ce alwala zan yi, magariba ta kusa. Ya tsaya kaɗan, yana juya wayar kamar bai san inda zai sa ta ba, sannan ya ce, "To, a yi mana addu'a." Ya tafi. Wannan ita ce magana mafi tsawo da muka yi tun daga rigimar, kuma ba mu ƙara irinta ba.

To, ga ni ranar Laraba, ana jiran in ce a ƙona ko kada a ƙona. Na zauna a tabarma na tashi ban san sau nawa ba. Bayan la'asar na ce wa ɗan Yaya, "Hoton nan na ƙasar Turawa yana nan cikin wayarka?" Ya dube ni, ya ce yana nan. Muka shiga rumfar muka zauna kan gungumen da uban ya bari.

Ya kunna mini hoton. Ɗaki ne fari, mai tsawon rufi, ba komai a ciki sai haske. Takardun suna jere a bango, kowace da baƙin da'irarta kamar wata ya cika amma baƙi. A tsakiyar ɗakin, a ƙasa, an kifa ramukan turmin da Mai Tawada ta zuba da tagulla, manya da ƙanana, sumul, suna ƙyalli. Ban san abin da ta nufa da su ba. Ni dai da na gan su, kawunan jarirai na gani ranar suna, bayan wanzami ya gama. Mutane sanye da manyan riguna na sanyi suna tafiya a hankali, hannu a baya. A ƙarƙashin kowace takarda akwai ɗan rubutu. Ɗan Yaya ya ce sunan Baturiyar ne, da sunan ubansa a gefensa, da sunan ƙauyenmu.

Can sai mai ɗaukar hoton ya tsaya bayan wata tsohuwa mai farin gashi. Ta sunkuya gaban wata takarda, ta ɗaga yatsa, ba ta taɓa ba, tana bin tsagar ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi. Na ce, "Tsaida nan." Ya tsayar. Sawun zabo ne a tsakiyar da'irar. Tsohuwar nan ba ta san ni ba, ba ta san mai ɗakina ba, ba za ta iya nuna ƙauyenmu a taswira ba. Ta ƙirga shida. Ni kuwa shekara da shekaru duk wanda ya tambaye ni 'ya'ya nawa gare ni, huɗu nake cewa.

Na shiga wajen uwargidan Yaya, tana cikin takaba a ɗakinta. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Ya bar magana a kan faya-fayan nan?"

Ta ce, "Bai bari ba. Kullum da sahe dai kahin ya karya sai ya kakkaɓe musu ƙura. In na ce fura za ta tsinke, ya ce bari in gaida yara."

Na fito na sami ɗan Yaya. Na ce, "Gaskiyarka, addu'a ita ka isa ga mamaci. Amma wanga icce ba na matattu ba ne, na uwayensu ne. Ni da kai ba mu da ikon ƙona shi. A gaya wa mata gobe kowace ta zo ta ɗauki nata."

Ya ce, "To iccen dahuwa fa, Baffa?"

Na ce a je a rushe rumfar zabina, ginshiƙanta sun bushe, sun isa. Zabin ma saura kaɗan, sa kwana a kan darbejiya. Shi da kansa ya bi gida-gida ya faɗa.

Da safe, tukwane suna kan wuta, mata suka fara zuwa. Babu wadda aka nuna wa nata. Kowace ta shiga ta miƙa hannu kai tsaye, ta zaro, ta sa a ƙarƙashin mayafi. Matar maƙeri ta ɗauki nata ta tsaya tana kallo, sai ta wuce wajen murhu ta jefa shi cikin wuta da hannunta. Aka yi salati. Ta ce, "Nawa na. Na gaji." Babu wanda ya ce mata don me. Saura da yawa ba a zo ɗauka ba, na gidajen da suka yi gudun hijira zuwa Anka da Gummi. Ɗan Yaya ya ɗora su a kan katako sama da ƙasa saboda gara, ya ce duk ranar da suka dawo suna nan. Taubashi yana gefe yana cewa ko cikin faya-fayan nan babu ƙotar hauyarsa, mutumin nan har lahira da bashi ya tafi.

Mai ɗakina ba ta zo ba, kuma na san dalili. Ni na ce kada in sake jin maganar. Na ɗauki faifan mai sawun zabo, na roƙi aron gizagon Yaya, na nufi gida.

Na tarar tana dakan geron furar sadaka a turmin Gummi. Ta ga abin da ke hannuna ta ajiye taɓarya. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta bi tsagar da babban yatsa ba tare da ta duba ba, kamar mai jan carbi.

Na ce, "Kin san shi?"

Ta ce, "Malam, muciya nawa kake zaton mace ɗaya ka buƙata?"

Na ce ta juye geron ta kifa turmin. Ta dube ni, ta dubi gizagon, ta juye a ƙwarya, muka kifa shi tare. Gindin yana nan sumul, sai datti na shekaru. Na durƙusa. Maɗaci yana da tauri, hannuna kuma bai taɓa karɓar sana'ar ba. Tsagar farko ta tafi a karkace.

Ta ce, "Wanga namiji na, miƙe ta. Yaya da ya gani da ya jawo dutsen washi."

Na gyara yadda na iya. Tana kiran sunayen ina tsagawa, gumi yana shiga mini ido. Na yi ta huɗu na tsaya, hannuna ya ƙi tafiya. Ta jira ni. Na yi ta biyar. Da na ɗora gizago zan yi ta shida, ta tsuguna kusa da ni ta kama ƙotar ta ɗan juya ta gefe.

Ta ce, "Ta auta karkata ta sosai. Haka take tahiya."

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da yaran da yake gaisarwa kowace safiya. Shi bai rage kowa ba. Ya Allah, ranar da za Ka tara bayinKa na gari, kada Ka rage shi.